A Ƙirga Kushewun Duwatsu na Azawak da Abzin Kafin Motocin Gini Su Kwashe Su

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana kan tsibin duwatsu da da'irorin duwatsun da mutanen dā suka bari a arewacin jihar Tawa, da gefen dutsen Tigidit, da cikin Abzin. Buzaye suna kiran irin waɗannan kushewu idebnan, makiyaya sun san wurarensu ɗaya bayan ɗaya, amma da wuya ka sami ofishin magajin gari da ke da takarda mai nuna guda nawa ne a ƙasarsa da inda suke. Abin da muke nema bai wuce wannan takardar ba, kuma za mu faɗi yadda ake yin ta da kayan da ke hannun kowane malamin makaranta.

Bari mu fara da wani wuri mai nisa, domin a ga abin da ke sa dutse ya yi daraja. A arewa maso yammacin Ingila, a yankin da ake kira ƙasar tabkuna, kusa da garin Keswick, akwai da'irar Castlerigg, wadda ake ƙiyasta shekarunta da kimanin 5000. Duwatsu 38 ne a zagaye, faɗin da'irar wajen mita 30, mafi tsawonsu mita 2.3. Daga arewa akwai manya biyu da suka bar ƙofa a tsakaninsu, daga gabas kuma wasu 10 sun shata ɗan fili mai kusurwa huɗu a ciki. Duwatsun ba sassaƙaƙƙu ba ne, ba zane a fili, kuma da aka tona wancan ɗan filin a 1882 gawayi kaɗai aka samu. Duk da haka mutane na zuwa daga ko'ina, saboda an dasa da'irar a kan wani tudu da manyan duwatsu suka kewaye: Skiddaw mai mita 931 da Blencathra mai mita 868 daga arewa, Helvellyn mai mita 950 daga kudu, tabkin Derwentwater kuma a ƙasa daga yamma. Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin kula da ita tun 1883, a 1913 kuma aka tara kuɗi aka sayi gonar da take ciki domin a kare ta da kewayenta. Wato sun gane cewa filin da idon mutum ke kaiwa daga tsakiyar da'irar shi ma yana cikin abin da ake tsarewa. Da an kwashe waɗannan duwatsu 38 an jera su a harabar gidan tarihi, babu wanda zai waiwaye su.

Su ma sai da suka yi ɓarna kafin su farga. A Avebury, wata babbar da'irar duwatsu a kudancin Ingila, cikin ƙarni na 17 da na 18, mutanen ƙauye kan haƙa rami a gindin dutse, su hura wuta, su kwara masa ruwan sanyi ya tsage, su yi gini da gutsattsarin. Magina ne suka fi cinye wurin, kuma wannan haɗarin ne ke gabanmu yau.

Kusa da mu kuma akwai na Senegal da Gambiya, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006: Sine Ngayène mai da'ira 52, Wanar mai 21, Wassu mai 11, Kerbatch mai 9, jimla 93, daga cikin fiye da 1000 da ke warwatse a tsawon kilomita 350 na kogin Gambiya. Su daga marmara aka yanko su da kayan ƙarfe, aka gyara su kamar ginshiƙi, wasu na kai tan 7, kuma a ƙarƙashinsu akwai matattu. Mun kawo su ne don kada wani ya ce wannan al'amarin Turawa ne.

Namu kuma fa? Ƙasar duwatsu da tabkuna muna da ita, sai dai yawancin tabkunan sun ƙafe tun dubban shekaru. A Gobero, cikin Tenere, wadda tawagar Paul Sereno ta gano a shekarar 2000, an sami kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tabki, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina da masun kamun kifi na ƙashi. Kwarin Azawak kogi ne a dā, ruwansa na gangarawa ta Dallol Bosso zuwa kogin Kwara, kuma binciken da François Paris da abokan aikinsa suka yi a Chin Tafidet da In Tuduf ya nuna mutane sun zauna a bakin ruwa a can suna kiwon shanu, har suna binne wasu shanun. Saboda haka in ka ga tsibin duwatsu a kan gaɓar wani fako, daga ƙasa kuma farar ƙasa mai laushi da ɓawon katantanwa, mai yiwuwa kana tsaye a bakin tabkin da ya ƙafe. Wanda ya ɗauki hoton tsibin kawai bai ɗauki gangaren da kwarin ba, ya bar rabin labarin.

Aiki na farko shi ne rarrabewa, domin ba kowace da'irar duwatsu ce ta dā ba, kuma mai ɗoki yakan cika littafi da shirme. Masallacin matafiya jeri ɗaya ne na ƙananan duwatsu, da ɗan lanƙwasa wajen alƙibla, wato gabas da ɗan karkata arewa, cikinsa a share. Kabarin Musulmi dogo ne, ya miƙe kudu da arewa, sau da yawa da dutse a kai da ƙafa. Wurin da aka taɓa kafa tanti yakan bar duwatsu a zube sama-sama, da murhu da toka a gefe. Kushewar kafin Musulunci kuwa yawanci zagayayya ce, duwatsun ƙasanta sun nutse cikin ƙasa, kuma a inda masana suka tona an tarar da mamacin kwance a gefensa, ƙafafu a naɗe. Siffofinta sun bambanta. Akwai tsibi kawai. Akwai mai loɓawa a ka, irin waɗanda aka bincika a Iwelen cikin Abzin. Akwai mai katangar duwatsu da aka jera a zagaye da shafaffen kai. Akwai mai hannuwa biyu dogaye da suka buɗe, galibi wajen gabas, da mai siffar jinjirin wata, da da'ira ɗaya ko biyu da ke kewaye da ɗan tsibi a tsakiya. A rubuta siffar yadda ido ya gan ta, kada a tilasta mata suna.

Akwai alama ɗaya da ta fi sauran amfani. Dutsen da ya daɗe a wuri guda cikin hamada, samansa yakan yi baƙi mai sheƙi saboda wani siririn rufi na ƙarfe da manganis da yumɓu da ke taruwa a hankali cikin dubban shekaru, ƙasansa kuma ya zama ja-ja ko fari-fari. In ka ga tsibi duk baƙi, ba a taɓa shi ba. In ka ga duwatsu masu hasken ciki suna kallon sama, an juya su. Da wannan ake raba loɓawar asali da ramin ɓarayi: ta asali a daidaice take, launinta ɗaya da sauran, ramin ɓarawo kuwa yana da tarin ƙasa da duwatsu a gefe guda, launinsu a cakuɗe. Kada mai dubawa ya ɗaga dutse don ya tabbatar. Waɗanda aka riga aka juya sun ishe shi.

Kayan aiki kaɗan ne: awon mita 30 ko 50, turaku biyu, igiya, kamfas, sanda mai mita 1 da aka shafa wa ja da fari kowace santimita 10, ɗan kwali mai kibiya don nuna arewa, littafi mai layukan murabba'i, fensir, da salula mai kyamara da GPS. Mutum uku sun isa, biyu a kan awo, ɗaya yana rubutu.

Da isa wuri a ajiye mota nesa, aƙalla mita 100, saboda dalilai biyu. Taya na murƙushe gutsattsarin tukwane da kibiyoyin dutse da ke kwance a saman ƙasa, sawunta kuma na zama hanyar ruwa da damina, daga nan zaizaya ta fara. Na biyu, ƙarfen mota na karkatar da allurar kamfas. Haka ma marmara mai ƙarfe da yawa, don haka a duba arewa a wurare biyu ko uku a tsaye, kada a aza kamfas a kan dutse. Sai a zagaya wurin da ƙafa tukuna, a ƙirga kushewun, a ba kowace lamba a cikin littafi. A cikin littafi muka ce. Fenti ko alli a jikin dutse ɓarna ce da ba ta fita da sauƙi, kuma inda akwai zane, irin na raƙuman dawa na Dabous da babbansu ya haura mita 5, shafa alli ko zuba ruwa don hoto ya fito yana lalata wancan baƙin rufin da masana ke dubawa.

GPS na salula yakan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Ya isa a nuna inda kushewa take, bai isa a zana wurin kowane dutse ba. A tsaya a gefenta ta arewa, a jira minti biyu lambobin su daina tsalle, a kwafe su da hannu cikin littafi, domin salula na ɓata ko ta mutu. Zanen kuma da awo ake yi. A kafa turaku biyu a wajen ginin, mita 2 ko 3 daga dutse na ƙarshe, a miƙe su kudu da arewa, a auna tsakaninsu a rubuta. Kowane babban dutse sai a auna nisansa daga turke na farko, a sake aunawa daga na biyu. A takarda, inda awon biyu suka haɗu nan ne wurinsa. In faɗin da'irar bai wuce mita 10 ba, santimita 2 a takarda ta tsaya a madadin mita 1. In ya wuce, santimita 1. Kurakuran da suka fi yawa a nan uku ne: barin awo ya yi ciki saboda iska, auna wani dutse daga tsakiyarsa wani kuma daga gefensa, da manta sa kibiyar arewa a zanen. Na ƙarshen nan ya fi ciwo, domin ƙofar da'ira ko hannuwan kushewa da ba a san inda suka fuskanta ba sun rasa abin da aka fi nema a gare su. A auna faɗi sau biyu, kudu da arewa sannan gabas da yamma, saboda yawancinsu ba su cika zagaye daidai ba. Ita kanta Castlerigg ta fi faɗi ta wani gefen.

Hoto da hantsi ko bayan la'asar ake ɗauka, lokacin da inuwa ke fitar da ƙananan duwatsu. Da rana tsaka komai kan baje ya zama launi ɗaya. Hotuna huɗu daga kusurwoyi huɗu, sandar awo da kibiyar arewa a cikin kowane, sannan a juya wa kushewar baya a ɗauki abin da take kallo: dutse, kwari, jigawa, tabki. A rubuta sunan wurin da Tamashek ko Fulatanci ko Hausa yadda mutanen wurin ke faɗinsa, da sunan rijiya mafi kusa, da nisan korama ko kwazazzabon da ke iya cin wurin.

Kada a tona, kada a ɗauki ko da tsingaro. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta sa kayan tarihi ƙarƙashin kariya, tono kuma sai da izinin hukuma. Ban da doka, akwai dalili na ilimi. Ana gane shekarun kabari ta awon kabon 14, wani sinadari da ke cikin duk abin da ya taɓa rayuwa, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekaru 5730, kuma ɗan gawayi ƙanƙani ya isa, muddin an san daga wane zurfi ya fito da abin da ke kusa da shi. A Sahara zafi da fari kan cinye sinadarin ƙashi da aka saba aunawa, shi ya sa masu bincike irin su Jean-François Saliège suka koma auna ma'adinin ƙashin kansa, aikin da ke son ƙashin da bai cuɗanya da sabuwar ƙasa ba. Wanda ya zura shebur ya haɗa tokar makiyayin bara da ƙasar shekaru 4000, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake raba su. Ga masu yawo da na'urar neman zinariya, waɗanda suka yawaita tun bayan buɗuwar wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten a 2014, abin da aka saba samu a irin waɗannan kushewu ƙashi ne, wani lokaci da ɗan dutsen ado ko tukunya. Mun ga abin da ya sami Bura, wata tsohuwar maƙabarta mai tukwanen yumɓu a jihar Tilaberi: an gano wurin a 1975, Boubé Gado ya tona shi bisa ƙa'ida a 1983, da kayan suka yi suna a Turai sai ƴan kasuwa suka sa aka farfasa wurare masu yawa a yankin, tukwanen suka fita ba tare da an san wanne ya fito daga ina ba.

Don haka lambobin GPS ba na Facebook ba ne. Ƙaramar da'irar Nabta Playa a kudancin Masar, da wurinta ya bazu, masu yawon buɗe ido suka riƙa gusar da duwatsunta, ƙarshe aka kwashe ta zuwa gidan tarihi a Aswan. Kwafi uku sun isa: ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya wurin sarki ko hakimin yankin, ɗaya zuwa IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda ita ce ke da masana wannan fanni.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar Adar, inda dutse ya zama kayan aiki. Tun aikin Keita da ya fara a 1984, jera duwatsu don tare ruwa da farfaɗo da fako ya ceci gonaki masu yawa, kuma ba mu da ta cewa a kansa sai yabo. Matsalar ita ce ana biyan mai ɗebo dutse ne da yawan abin da ya tara, tsibin kushewa kuwa dutse ne da wani ya riga ya tara masa, girmansa daidai ɗauka. Haka yake ga masu kai wa magina dutsen harsashi da masu aikin hanya. Ba mugunta ba ce, kowa ma zai fara da tarin da ya tarar. Maganinsa a rubuce yake cikin kwangila: kafin a buɗe wurin ɗibar dutse, wakilin ƙaramar hukuma da dattijon wurin su zagaya, su nuna tsibin da ba a taɓawa, a bar musu tazarar mita 50 ta kowane gefe. Masu aikin gandari ma su ne za su iya ceton kushewar da kwazazzabo ya tasar wa. A jera layin duwatsu bisa daidaiton ƙasa, mita 20 zuwa 30 daga samanta, da dutsen da aka kawo daga wani wuri, domin ruwa ya rage gudu kafin ya iso. Sai dai a sa wannan sabon layin cikin zanen da kwanan wata, kada wani ya zo bayan shekaru hamsin ya ɗauka na dā ne.

Shinge na waya ba mu ba da shawararsa ba. Yana toshe burtali, ya haddasa rigima da makiyaya, a ƙarshe a kwance shi, kuma yana sanar da ɓarawo cewa akwai abu a nan. Tumaki na kiwo a tsakiyar Castlerigg, ba su kayar da dutse ko ɗaya ba. Abin da ke cin ƙasar can ƙafafun maziyarta ne. Turaku huɗu na siminti a kusurwoyi, nesa da ginin, sun fi. Kada a dasa itace kusa, saiwa na ture duwatsu tana shiga kabari. Dutsen da ya faɗi a bar shi a kwance. Tsayayyen dutse yana zaune ne cikin rami da aka cusa wa ƙananan duwatsu a gindi, kuma wannan ramin ne shaidar inda ya tsaya da wajen da ya fuskanta. Mai tayar da shi da kyakkyawar niyya yakan haƙa sabon rami ya shafe tsohon.

Wani zai ce kushewun maguzawa ne, me ya haɗa mu da su? Babu wanda ya ce a yi musu yanka ko a nemi tubarraki. Kabari ne na ɗan Adam, kuma tono kabari ba ɗabi'armu ba ce ko na wane ne. Wani kuma zai ce rashin tsaro ya hana masana zuwa wajen Tasara da Tiliya, kuma gaskiya ne. Shi ya sa muka ce aikin ya koma hannun waɗanda ke zaune a can, malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji da ƴaƴan makiyaya masu salula, kowa a iyakar inda yake zuwa lafiya, kada wanda ya sa kansa cikin haɗari saboda dutse.

Batun yawon buɗe ido ya jira tukuna. Tabkin Tabalak, wanda ya shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya a 2005, da tuddan Adar, da tsaunin Bagzan mai ƙololuwar mita 2022, da magangarar ruwan Timiya, ba su gaza wa ƙasar tabkunan Ingila a kyan gani ba, ko da yake kowace da irin nata. Amma kai baƙi wurin da ba a auna ba, ba a zana ba, shi ne hanya mafi sauri ta rasa shi.

Roƙonmu ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa shi ne ta buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Tamashek da Faransanci, mai gurbin suna, lambobin GPS, siffa, faɗi, tsawo, fuskanta, halin da ake ciki da haɗarin da ke kusa, ta koya wa ɗalibai cika ta, a gwada a ƙaramar hukuma ɗaya da rani mai zuwa. Ga shugabannin ƙananan hukumomin Abalak da Cintabaradan da Keita kuma, a sa sharaɗin mita 50 ɗin nan cikin izinin ɗibar dutse na gaba da za su sa wa hannu.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu malaman tarihi da labarin ƙasa,
Tawa